Akwatuna 23 a saman kabad: yadda halin mai haɗa maket yake sauyawa da shekaru

«Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a Tawa, shekaruna 44. Tun ina yaro nake ƙera motar kara da ta waya, daga baya wani yayana da ke ci-rani a Abijan ya fara kawo mini maket na roba, wato ƙananan jirage da motoci, irin waɗanda ake haɗawa da kol, wato gam. A da in na buɗe akwati da hantsi, kafin magariba na gama ina murna. Yanzu akwatuna 23 ne jibge a saman kabad, kuma shekara biyu ke nan ban kammala ko ɗaya ba. In na fara sai in ga aibi ko'ina, in ajiye. Duk da haka ban daina saye ba, har uwargida ta fara magana. Shin sha'awar ce ta mutu, ko haka abin yake yi wa kowa? In sayar da su ne in huta?»

Malam, na gode da wannan tambaya, Allah kuma ya ƙara wa uwargida haƙuri. In na fahimce ka daidai, abu uku ne suka haɗu suka dame ka: ka daina gamawa, ba ka daina saye ba, kuma kana tsoron kada ya zamana abin da ya faranta maka rai tun ƙuruciya ya fice daga zuciyarka ba ka sani ba. Amsata a taƙaice ita ce sha'awarka tana nan, domin wanda sha'awarsa ta mutu ba ya ko ɗaga murfin akwati, balle ya ji haushin aibin da ke cikin aikinsa. Abin da ya same ka shi ne idonka ya riga hannunka girma. Na kusa shekara hamsin a cikin wannan harka a nan Yamai, inda aikina na albashi shi ne zanen gine-gine da yi wa ofisoshi maket na gidaje da kwali, jirage da motoci kuwa na dare ne, don kaina. Kusan duk wanda na zauna da shi ya daɗe a harkar sai da ya bi ta wannan mararraba da kake tsaye a kai.

Akwatin ma ya girma

Kafin mu zo kan halin mutum ya kamata mu dubi akwatin, domin shi ma ba yadda ka san shi kana yaro yake ba. Maket kwafi ne na abu na gaske wanda aka rage kowane sashe nasa da lissafi guda, kuma lissafin shi ne lambar da ke jikin kwalin. In an rubuta 1/72, santimita ɗaya a teburinka tana madadin santimita 72 a jikin jirgin gaske. Jirgin C-130, irin wanda sojojin samanmu suke da shi, faɗin fikafikansa ya ɗan haura mita 40, saboda haka a 1/72 zai ci santimita 56 na kantarka, alhali Peugeot 504 a 1/43 ba ta wuce santimita goma da ƴan kai ba, a tafin hannu take zama.

A Ingila aka fara sayar da irin waɗannan jirage na roba a 1936, da sunan FROG, amma sai bayan yaƙin duniya na biyu abin ya zama ruwan dare, lokacin da kamfanin Airfix ya riƙa zuba nasa a ƴar leda ana sayarwa sule biyu, wato kuɗin da yaro zai iya tarawa. Heller, wanda muka fi sani a nan saboda ta Faransa kayanmu suke biyowa, an kafa shi a 1957. Tamiya na Japan, wanda asalinsa gidan yankan katako ne a Shizuoka, ya fito da tankar Panther a farkon shekarun 1960, kuma daga gare ta ne ma'aunin 1/35 na motocin soja ya samo asali: an auna girmanta ne yadda za ta ɗauki batir da ɗan inji a ciki, da aka yi lissafi daga baya sai aka ga ta faɗa a 1/35. Wato ko ma'aunin da manya suke rantsuwa da shi a yau, don yaro ya ga tankarsa tana tafiya a tsakar gida aka yi shi.

Yaran da suka yi sayen wancan zamani su ne suka girma suka fara karɓar albashi, kamfanonin kuma suka bi su. Jirgin da a da yake da gutsure ashirin ko talatin, yau za ka same shi da ɗari biyu, ga farantin tagulla mai sirantakar ganye da ake lanƙwasawa da matsefata, wanda kamfanin Eduard na ƙasar Cek ya yi suna a kansa. In a cikin tarinka akwai na ƴan shekarun nan, to, ba don a gama su tsakanin hantsi da magariba aka yi su ba.

Ranar da ido ya buɗe

Maket ɗina na farko jirgin Caravelle ne na Heller, a 1/100, wanda wani Bafaranshe ya ba ni a 1976 da zai koma gida. Irin jiragen nan ne masu injina biyu a gindin wutsiya, waɗanda Air Afrique yake da su a lokacin. Na yanke wasu gutsattsarin da reza, wasu murɗe su kawai na yi da hannu, na matsa kol har ya ɓulɓulo ta gefe. Kol ɗin maket ba liƙa roba yake yi ba, narkar da ita yake yi har ɓangarorin biyu su zama ɗaya, ni kuwa ban san haka ba, sai na dafa gilashin gaban jirgin da babban yatsana yana jiƙe, shatin yatsan ya zauna daram. Ban gan shi ba a ranar, ban gan shi ba a shekarar. Na ɗaura wa jirgin zare na rataye shi a azara, ƴan unguwa suna zuwa kallo. Sai bayan shekara biyar ko shida, ranar da na sauko da shi zan kakkaɓe ƙura, na ga shatin, na ga layin da ya raba jikin jirgin biyu daga hanci har wutsiya, na ga fiffike ɗaya ya fi ɗan'uwansa sunkuyawa. Duk waɗannan suna nan tun ranar farko.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai kimar da ya sani ba ta tsayawa wuri ɗaya. Ido da kallo kawai yake koyo, hannu kuwa ba ya koyo sai ya yi, ya ɓata, ya sake. A zamaninmu abin da yake ciyar da ido shi ne tsohuwar mujalla guda da za ta zaga hannun mutum biyar kafin ta yage, don haka ido da hannu suna tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa. Kai kuwa kowane dare wayarka tana nuna maka aikin gwanayen duniya, irin waɗanda suke kai kayansu gasar da ƙungiyar masu haɗa maket ta IPMS, wadda aka kafa a 1963, take yi kowane watan Nuwamba a Telford ta Ingila, alhali hannunka ba ya taɓa roba sai sau ɗaya ko biyu a wata. Mutanen nan suna da bindigar fesa fenti, suna da kanti a bayan gida, suna da fitilar ɗaukar hoto, kuma na goman da ya yi kyau suke nuna maka, ba taran da suka lalace ba.

A lurata, burin mai haɗa maket hawa-hawa yake. Da farko so yake ya gama. Daga nan sai ya so aikin ya fita da tsabta, ya koyi cike layi da mastik irin yadda masu gyaran jikin mota suke yi, ya goge da takarda mai yashi, ya tsinka fenti ya shafa sau uku maimakon ya lafta sau ɗaya. Wannan hawa na biyu shi ne mafi daɗi, domin kowane maket yana fin na bayansa kyau, mutum yana gani da idonsa. Hawa na uku shi ne na neman daidai: shin wannan koren shi ne ainihin koren da aka shafa wa motar, shin ƙofar a nan take ko ta ɗan matsa baya? Turawa suna yi wa irin waɗannan mutane laƙabi da masu ƙirga ƙusa. Ba na raina su, domin saboda ƙorafinsu ne kamfanoni suka gyara kura-kurai masu yawa, amma a nan ne na ga mutane sun fi maƙalewa. Wani abokina, Allah ya jiƙansa, ya ajiye kamiyo shekara uku ba fenti don bai tabbatar da launin cikin gidan direba ba, wurin da in an rufe rufi ba mai ganinsa ko da tocila.

Abin da ya ƙara dagula lissafin shi ne, shi kansa kyan da ake bi yayi ne. A shekarun 1980 salon François Verlinden na Beljiyam ake kwaikwayo, a shafa duhu a kwaruruka a goga haske a tudu da busasshen buroshi har kowane gefe ya fito fes. Bayan 2000 sai salon ƴan Sifen ya karɓe fage, na tsatsa da ɓamɓarewar fenti da zubar mai, har ka ga tankar da a gaskiya ba ta yi wata shida a bakin daga ba an mai da ita kamar wadda ta shekara ashirin a bola. Wanda ya ce sai ya kai inda yayi yake kafin ya gama maket guda, zai iske yayin ya tashi kafin ya iso.

Me ya sa ba ka daina saye ba

Tarin akwatuna ciwo ne na masu wannan harka a ko'ina, amma namu yana da dalili na daban. A ƙasar da kanti yake kusa, kwaɗayi ne yake sa mutum tari. Mu kuwa tsoron rashi ne ya fara koya mana. Ba mu saba da shiga kanti mu zaɓa ba, jiran matafiyi muke yi, ko ɗan ci-rani, ko ɗalibi mai dawowa hutu, ko wani bature da zai tashi yana sayar da kayan gidansa. Waɗanda suka kai shekaruna suna tuna watan Janairu na 1994, da aka karya darajar sefa, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 ya koma 100, duk abin da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Tun daga ranar na ɗauki ɗabi'ar in na gani in saya don gobe babu, kuma ɗabi'ar ba ta sake ni ba ko da intanet ta zo ta sauƙaƙa oda.

Akwai kuma dalili na biyu wanda ya fi wuyar amsawa. Saye yana ba da rabin daɗin haɗawa ba tare da haɗarin ɓatawa ba. Muddin akwati yana rufe, jirgin da ke cikinsa ba shi da aibi ko ɗaya, yana nan yadda kake ganinsa a zuciyarka. Ranar da ka sa masa reza ce ranar da zai fara zama aikin hannunka, da shatin yatsa da komai. Mutumin da idonsa ya riga hannunsa yakan samu kansa yana sayen akwati na 24 don kada ya fuskanci na farko.

To, ga lissafi. Ko da ka koma gama biyu a shekara, tarinka zai kai ka shekara goma sha ɗaya da rabi ba ka ƙara sayen ko ɗaya ba. Akwatin da ake sayarwa yuro 30 a Faransa kusan jika ashirin ne kafin a sa kuɗin aike da na duwan, ka ninka wannan sau 23 ka ga ko maganar uwargida tana kan hanya. Ni dai a ganina tana kan hanya.

Sannan ƙasarmu ba ta ajiye maket yadda ƙasar sanyi take ajiye shi. Saman kabad, ƙarƙashin rufin kwano, a watan Afrilu na Tawa, shi ne wuri mafi zafi a duk gidanka. Siraran gutsattsari suna lanƙwashewa, gara tana cin kwali har da takardar bayani, fenti yana daskarewa a gwangwani, amma abin da ya fi saurin mutuwa shi ne dekal, wato takardar tambura da lambobi da ake jiƙawa a ruwa a zame a kan jirgi. Na taɓa samun Noratlas na Heller a 1/72, jirgin nan mai jela biyu da sojojinmu suka yi aiki da shi a da, na ce ba zan taɓa shi ba sai ranar da na ƙware sosai, in yi masa tambarinmu mai ruwan lemo da fari da kore. Ya shekara fiye da ashirin yana jiran wannan rana. Da na buɗe shi, takardar dekal ta koma launin shayi, na yanki guda na tsoma a ruwa, sai ya tarwatse kamar garin tuwo yana yawo a saman kofi. Fiffike ɗaya kuma ya karkace, sai da na tsoma shi a ruwan ɗumi na daddanne da littattafai kwana biyu. Ƙwarewar da nake jira ba ta zo ta same ni a zaune ba, jirgin kuwa ya tsufa yana jira.

Jiki da yanayin gari

Ka ce shekarunka 44, wannan ma yana cikin amsar. Tsakanin 40 da 45 ƙwayar ido takan fara taurin kai wajen ganin abu na kusa, kuma wannan girma ne, yana samun kusan kowa. Mutum yakan yi aiki yana hangen abin dishi-dishi ba tare da ya lura ba, sai ya ɗauki hoto da waya, jirgi mai santimita 15 ya cika fuskar waya an ƙara masa girma sau uku, ya ga ɓarnar da hannunsa ya yi a makance, ya yanke hukuncin ya lalace. Ka je a auna idonka, ka samu tabarau na karatu da fitila mai haske a gefen tebur kafin ka zargi zuciyarka. Ni kuma ma'aunin da nake bi yanzu shi ne kamu ɗaya: aibin da ba a gani daga nisan kamu ɗaya, na bar shi, domin ba wanda zai kalli kanta da hancinsa manne da jirgi.

Idon nan ne kuma yake sa masu shekaru su bar 1/72 su koma 1/48 ko 1/32. Jirgin Spitfire da faɗin fikafikansa yake santimita 15 da rabi a ma'auni na farko, 23 ne a na biyu, 35 a na uku. Ido yana hutawa, amma ɗaki yana cika, kuɗi yana ƙaruwa, adadin da mutum yake gamawa a shekara yana raguwa. Haka kuma da yawa daga cikinmu mun bar ƙananan gwangwanayen Humbrol masu mililita 14 da muka taso da warinsu, mun koma fentin da ake tsinkawa da ruwa, don ƙirji ba ya ɗaukar abin da yake ɗauka a da. Sai dai wannan fenti yana da nasa hali a nan: a cikin hunturu iska ta bushe ƙarau, in ka fesa yakan bushe tun a hanya ya sauka a jikin maket kamar yashi. Shi ya sa nake fenti bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi.

Abin da mutum yake zaɓa ya haɗa

Sauyin da ya fi ba ni sha'awa ba na hannu ba ne, na zaɓi ne. Saurayi jirgin yaƙi yake so da tanka, abu mai bindiga da gudu, ni ma haka na fara. Tun da rashin tsaro ya shigo yankunanmu, aka fara kawo labarin ƴaƴan mutanen da ka sani, sai na ga hannuna ba ya miƙa wa akwatin tanka yadda ya saba, ba don wani ya hana ni ba. Wasu abokaina ba su ji haka ba, kuma ban ga laifinsu ba. Akwai kuma waɗanda da girma ya zo suka daina haɗa ƴan mutum-mutumin sojoji da matuƙa da suke zuwa a cikin akwati, saboda abin da suka ji game da siffanta mai rai. Wannan hukunci na malamai ne, ba na mai zanen gini ba, kuma mota ko jirgi suna tsayawa da kyansu ko babu kowa a ciki. Kunya ma tana canzawa. Ɗan shekara 25 yakan ɓoye teburinsa kada a ce gardi yana wasan yara, ɗan shekara 60 kuwa a zaure yake shimfiɗa kayansa, mai magana ya yi ta yi.

Inda na ga yawancin waɗanda suka ɗore suna ƙarewa shi ne gida. Bayan ka haɗa jiragen Jamus da na Amurka da ba ka taɓa gani ba, sai wata rana ka so abin da idonka ya sani. Wani lokaci ana dacewa da akwati: tseren Paris-Dakar ya ratsa Tawa a 1989 kana ɗan yaro, Ari Vatanen ya ci na wannan shekarar da na 1990 da Peugeot 405 T16, kuma Tamiya ya yi wannan mota a 1/24. Amma ba akwatin da zai ba ka kamiyon Agadas da lodinsa ya ninka tsayinsa, jarkoki a rataye ta kowane gefe, ko motar kasuwa da ke bin ƙauyukan Adar da awaki a sama. Wannan sai ka ƙera, kuma a nan ne yaron da ya yi motar kara yake dawowa da amfaninsa. Shekara huɗu da suka wuce na ɗauki ƙashin wata babbar mota ta akwati, na zubar da bodinta, na yi sabo da gwangwanin sardin da na buɗe na daddaƙa ya miƙe. Ƙunshin kaya na yi su da totuwar kara, na naɗe da takarda mai laushi da na jiƙa da kol na kafinta, na ɗaure da zaren ɗinki da na rina a shayi. Wayar da na yi ƙarafan gefe da ita a kasuwar Katako na tsinto ta. Ƙura kuwa jar ƙasar bakin hanya ce na ɗebo, na tankaɗe ta da tsohon kallabi sau biyu, na shafa da buroshi a inda na san ƙura take kwanciya: bayan tayoyi, ƙasan ƙofa, saman madubi, ban da maɗaurin ƙofa da inda yaran mota suke takawa, don nan kullum a goge suke. Ba gwanin da ke Telford da ya fi ka sanin wannan, kuma ba hoton waya da za ka auna kanka da shi ka ga ka gaza, domin motar a kanka take.

Abin da zan ce ka yi

Kada ka sayar da su duka, kada kuma ka riƙe su duka. Masu sayen irin wannan kaya a ƙasarmu ba su da yawa, in ka kai kasuwa cikin gaggawa kuɗin kwali za a ba ka. Ka sauko da su ka zauna a tabarma ka raba su uku. Waɗanda har yanzu gabanka yake faɗuwa in ka ga hoton murfinsu, ka riƙe. Da wuya su wuce takwas. Waɗanda ka saya don araha ko don kada su wuce ka, ka nemi masu so a hankali, ko ka yi musanye da fenti da buroshi. Masu sauƙi kuwa ka ba yaran gida ko na maƙwabta, ka zauna kusa da su suna haɗawa, amma ka kama bakinka in ka ga kol yana ɓulɓulowa, domin suna hawa na farko ne kuma haƙƙinsu ne su yi shi. Waɗanda ka riƙe ka mai da su ƙasa, wuri mai sanyi nesa da bango saboda gara, ka cire takardun dekal ka sa a leda mai rufewa ka ajiye a tsakiyar babban littafi. Game da saye, dokar da ta yi mini aiki ita ce ba sabon akwati sai na gama biyu, kuma uwargidana ce take riƙe lissafin.

Ka sani dai cewa duk abin da na faɗa daga kaina ne da mutanen da na zauna da su, ba su kuma wuce a ƙirga da yatsu ba. Na san wanda ya shekara talatin yana haɗawa ba fenti, yana jin daɗinsa, bai taɓa shiga hawa na uku ba. Na san wanda tarin ne kansa abin sha'awarsa, ba ya kuma cutar da cefanen gidansa. Sannan ban gan ka ba, wasiƙarka kawai na gani. In rashin jin daɗin nan bai tsaya ga maket ba, ya shafi barci da abinci da hira da iyali, to, wannan ya wuce teburina, likita ya kamata ka gani.

In kuwa a maket ya tsaya, ka zaɓi akwatin da ka fi rainawa a cikin takwas ɗin, ba wanda ka fi so ba, ka ba shi mako ɗaya daga Juma'a zuwa Juma'a. Taura biyu ba ta taunuwa, don haka kada ka buɗe wani kafin ya ƙare, kada ka nemi hotonsa a waya, kada ka sayo masa komai, launin da takardar bayani ta ce shi za ka shafa ko da kana shakka. Kafin ka fara, ka yanki dekal guda da ba ka bukata ka gwada a ruwan ɗumi. In ya tarwatse, ka shafa wa sauran takardar barni, wato fenti marar launi, siriri, ka bar ta ta kwana, sannan ka yanka kowane tambari dab da gefensa. Duk lokacin da ka gama shafa fenti ka kife masa bahon roba mai tsabta, ka ɗan tokare gefe ɗaya da ashana don iska ta shiga, in ba haka ba ƙurar Tawa za ta riga ka gama shi.